Yadda hoton jagora ke nuna wa likita abin da ke ɓoye a tiyatar mutum-mutumi

Likitan da ke aiki da mutum-mutumin tiyata ba ya tsayawa a kan marar lafiya. Yana zaune ne a kan kujera a gefe guda na ɗakin, ya jingina goshinsa da wani akwati mai tagogi biyu, yatsunsa na riƙe da maɓallan sarrafawa, ƙafafunsa a kan feda. Abin da yake gani ta tagogin shi ne cikin jikin mutum, an faɗaɗa shi har ninki goma, da tudunsa da kwarinsa, tamkar shi ne ya kutsa ciki da kansa. Sai dai duk kyawun wannan gani, iyakarsa saman gaɓoɓi. Kyamara tana nuna bayan ƙoda amma ba ta nuna abin da ke cikinta, tana kuma nuna kitsen da ya lulluɓe jijiya ta bar jijiyar a ɓoye. Idan ƙarin da aka zo cirewa ya nutse cikin tsoka, likita na iya zuba wa daidai wurin ido bai ga alamar komai ba.

A da hannu ne ke cike wannan giɓi. Likitan da ya tsaga ciki yakan zura yatsu ya lalubi wurin da ya yi tauri, ya ji bugun jijiyar jini kafin ya kai mata wuƙa, ya bambance lafiyayyen nama da wanda cuta ta ci. Da aka koma tiyata ta ƙananan huji da dogayen ƙarafa, wannan ji ya ragu. Da mutum-mutumi ya shigo tsakani kuwa, sai ya kusa ɓacewa baki ɗaya, domin mafi yawan na'urorin da ke aiki a asibitocin duniya ba sa mayar wa yatsun likita labarin abin da suka taɓa. A nan dai gani ya kori ji a zahiri. Sabon samfurin da kamfanin Intuitive ya samu izinin sayarwa a Amurka a 2024, wato da Vinci 5, yana sanar da likita ƙarfin ja da turawar da yake yi wa nama, amma hakan bai kai laluben yatsa ba.

Wannan ne ya sa masu bincike suka karkata ga wata dabara: a ɗauko hotunan cikin jiki da aka yi wa marar lafiya kafin tiyata, a gina siffar gaɓar daga gare su, sannan a ɗora siffar a kan abin da kyamara ke nunawa a lokacin aiki, ta yadda likita zai ga ƙari da jijiyoyi a inda suke kafin ya yanka. Wannan siffa da ake ɗorawa ita ce hoton jagora.

Ɗora hoto a kan zahiri

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga mai karatu, ko da bai san sunanta ba. Duk mai kallon ƙwallon ƙafa ya saba ganin layin da ake ja a kan fili idan ana tantance satar gida, layin da babu shi a kan ciyawa, kwamfuta ce ta zana shi a daidai inda ya kamata. Haka nan direban da motarsa ke da kyamarar baya yakan ga layuka masu launi suna lanƙwasa a kan allo gwargwadon yadda ya murza sitiyari. A duka biyun, abin da ido ke gani na gaske ne, an dai ƙara masa bayanin da ido shi kaɗai ba zai samo ba. Wannan ya bambanta da tabarau ɗin wasan kwamfuta da ke rufe wa mutum duniya ɗungurungum su jefa shi cikin wata ta ƙirƙira.

Tun a 1968 Ba'amurken masanin kwamfuta Ivan Sutherland ya haɗa wata na'urar sawa a kai da ke zana siffofi a gaban idon mai ita. A farkon shekarun 1990 ne Tom Caudell, wani mai bincike a kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing, ya raɗa wa fasahar sunan da aka san ta da shi a Turance, lokacin da yake neman hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi a jikin jirgi. Likitoci ma ba a bar su a baya ba. A 1986 David Roberts da abokan aikinsa a Dartmouth ta Amurka sun wallafa yadda suka shigar da hoton CT cikin madubin da likitan ƙwaƙwalwa ke leƙawa yayin aiki. A 2004 kuma Farfesa Jacques Marescaux na cibiyar IRCAD da ke Strasbourg a Faransa ya ba da rahoton cire ƙullin da ke zaune a saman ƙoda ta ƙananan huji, da hoton jagora a kan allo. A wancan aiki, wani masanin kwamfuta ne ke daidaita hoton da hannu yayin da likita ke yanka.

Mutum-mutumin da ba ya aiki da kansa

Sunan kan ruɗi jama'a. Na'urar ba ta yanke shawara, ba ta kuma motsa ko da almakashi sai likita ya motsa yatsunsa. Wadda ta fi shahara, da Vinci, ta samu amincewar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka a shekarar 2000. Tana da hannuwa huɗu: ɗaya na riƙe da kyamara mai ido biyu, sauran na riƙe da kayan aiki da ke shiga ciki ta hujin da faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba. Kan kowane ƙarfe yana juyawa kamar wuyan hannun mutum, har ma ya fi shi. Kwamfutar da ke tsakani tana tace rawar hannu, tana kuma rage girman motsi, ta yadda likita zai motsa hannunsa da faɗi amma allurar da ke ciki ta matsa kaɗan. Yanzu akwai masu gogayya da ita, irin su Versius ta Ingila da Hugo ta kamfanin Medtronic da Toumai ta Sin da Mantra ta Indiya.

Marescaux ɗin nan da aka ambata shi ne ya zauna a New York ranar 7 ga Satumban 2001 ya cire wa wata mata ’yar shekara 68 madaciya alhali tana kwance a Strasbourg, da wata na'ura mai suna ZEUS. Abin da wannan aiki ya tabbatar shi ne, da zarar kwamfuta ta shiga tsakanin idon likita da jikin marar lafiya, to duk abin da likitan ke gani ya zama bayanin da za a iya aikawa ko a ƙara masa wani abu. Shi ya sa mutum-mutumi ya fi kowane irin kayan tiyata dacewa da hoton jagora. Likita ba ya buƙatar sa wani tabarau, tunda dama allo yake kallo. Na'urar kuma ta san inda kowane hannunta yake a kowane lokaci, har da inda kyamara ta fuskanta.

Daga hoton asibiti zuwa taswira

Aikin yakan fara ne kwanaki kafin ranar tiyata. Hoton CT ko na MRI tarin yanka-yanka ne, ɗaruruwa, kowanne na nuna jiki kamar an gitta shi da wuƙa, cikin launin fari da baƙi da toka. Ƙwararren likita yakan bi su ɗaya bayan ɗaya ya harhaɗa siffar a cikin kansa, ya kuma riƙe ta har ya shiga ɗakin tiyata. Abin da kwamfuta ke yi shi ne ta ɗauke masa wannan nauyi. Ana bin kowane yanki a shata iyakar gaɓa da ta ƙari da ta jijiyoyi, aikin da a da kan cinye sa'o'i a hannun injiniya, yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira ke yin mafi yawansa, mutum ya duba ya gyara. Daga nan a fito da siffa mai tsawo da faɗi da kauri, wadda za a iya juyawa ta kowane ɓangare. A al'ada jijiyar da ke kawo jini ja ce, mai mayar da shi shuɗiya, hanyar fitsari rawaya, ƙari kuma a ba shi launin da zai fita daban. Naman gaɓar akan mai da shi garai-garai kamar gilashi don a ga abin da ke ciki.

Mataki mafi sauƙi shi ne a nuna wa likita wannan siffa a wata ƙaramar taga a ƙasan abin da yake kallo. Na'urorin da Vinci suna da wannan taga, mai suna TilePro. Mataki mafi wuya, wanda shi ne ainihin abin da ake fafutuka a kai, shi ne a ɗora siffar a kan gaɓar kanta, baki da baki, ta kuma ci gaba da bin ta duk inda ta motsa.

Ƙoda ita ce gaɓar da ta fi nuna amfanin hakan. A yau idan ƙarin bai yi girma ba, likitoci sun fi son su cire shi kaɗai su bar wa mutum sauran ƙodarsa, musamman mai ciwon suga ko hawan jini wanda wata rana zai buƙaci duk abin da ya rage masa. Matsalar ita ce ƙoda cike take da jini, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta ƙodoji yake bi. Kafin a yanka sai an danne jijiyar da ke kawo mata jini, daga wannan lokaci kuma agogo ya fara ƙirga. Likitoci kan yi ƙoƙarin gama yanka da ɗinki cikin minti 25 ko ƙasa da haka, saboda duk mintin da ya ƙaru naman ƙodar na cutuwa. A cikin wannan ɗan lokaci ake so likita ya zagaye ƙarin da ba ya gani, kada ya ɓula shi ya bar ɓurɓushin kansa, kada kuma ya yi wa lafiyayyen nama ɓarna. Idan taswira ta nuna masa reshen jijiyar da ke shayar da ɓangaren da ƙarin yake, yana iya danne wannan reshe kaɗai, sauran ƙodar ta ci gaba da shan jini ba tare da yankewa ba. Mutane kuma ba su zama ɗaya ba: wani jijiya ɗaya ce ke shiga ƙodarsa, wani biyu, wani har uku, wanda bai san da ta biyun ba sai ya ga jini na ambaliya bayan ya ɗauka ya toshe hanya.

Wani gwaji da Joseph Shirk da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2019 ya nuna cewa likitocin da suka nazarci irin wannan siffa kafin cire ƙarin ƙoda da mutum-mutumi sun rage tsawon lokacin aiki da zubar jini da lokacin danne jijiya. Sai dai a lura, wancan gwaji a kan nazarin siffar ne, ba a kan ɗora ta a jikin gaɓa ba.

Gaɓa ta biyu ita ce furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda a lafiyarsa bai wuce girman goro ba. Kafofin yaɗa labaranmu sun saba kiran cutarsa kansar mafitsara, ko da yake mafitsara daban take kuma tana da tata kansar. Wannan ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya. A gefe biyu na ƙullin akwai siraran jijiyoyi da ke manne da shi, waɗanda Patrick Walsh na asibitin Johns Hopkins ya fayyace muhimmancinsu a 1982: su ne ke riƙe da ƙarfin mazakuta, suna kuma da hannu wajen iya riƙe fitsari. Likita na tsakanin abu biyu. In ya yanka nesa da ƙullin don ya tabbatar ya kwashe cutar, zai tafi da jijiyoyin, mutum ya warke daga kansa ya koma fama da abin da ba ya iya faɗa ko ga aminansa. In ya yanka kusa don ya tsirar da su, yana iya barin cutar a gefen da ta fara ɓullowa waje. Tazarar da ke tsakanin zaɓin biyu milimitoci ne.

A wani asibitin koyarwa da ke kusa da Turin a Italiya, Farfesa Francesco Porpiglia da tawagarsa sun fara wallafa sakamakon ɗora siffar furostet da aka gina daga MRI a kan hoton da Vinci a 2018. Manufarsu ita ce likita ya san daidai inda cutar ta kusanci ɓawon ƙullin, ya faɗaɗa yanka a wannan wuri kaɗai, ya bar jijiyoyin a sauran wurare. Da farko wani mataimaki ne ke bin gaɓar da siffar da hannu. Daga baya suka ƙera siffa mai miƙewa da lanƙwasa kamar roba, sannan suka koya wa kwamfuta ta riƙa gane robar fitsarin da ke wurin ta kafa siffar a kanta.

Filin da duwatsun iyakarsa ke tafiya

Duk wanda ya taɓa sayen fuloti ya san darajar takardar safiyo ta dogara ne ga duwatsun iyaka da aka kafa a ƙasa. Muddin suna nan inda aka dasa su, zanen takarda da filin za su dace. Cikin ɗan Adam fili ne da duwatsunsa ba sa zama wuri ɗaya. An ɗauki hoton CT mutum na kwance rigingine, ya riƙe numfashi, wataƙila makonni uku da suka wuce. A ranar tiyatar ƙoda kuwa a gefe ake kwantar da shi, a lanƙwasa gadon, a hura masa iskar kabon a ciki har ya kumbura don a samu sararin aiki. Wannan iska kaɗai ta isa ta tura gaɓoɓi ta sauya musu siffa. Injin numfashi na ɗaga hanta yana sauke ta da kowane shaƙa, sau goma sha wani abu a minti. Sannan likita da kansa zai yaye kitse, ya ɗaga ƙodar, ya juya ta, ya danne jijiyarta ta saki jini ta motse. Da ya fara yanka kuwa, gaɓar da ke gabansa ta daina kama da wadda aka ɗauka a hoto.

Ko ƙwaƙwalwa, wadda ƙoƙon kai ya killace, takan zame kaɗan da zarar an buɗe ƙashin ruwanta ya fita, abin da likitocinta suka daɗe da sani. To ina ga hanta da hanji?

A nan haɗarin yake. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma likitan da ke aiki da idonsa da ƙwarewarsa ya san kimantawa yake yi, saboda haka yana taka-tsantsan. Zane mai launi da ya zauna daram a kan gaɓa kuwa kama yake da tabbas, ko da ya kauce da milimita biyar, tazarar da ta isa ta raba cire ƙari da ɓula shi. A ganina wannan ne dalilin da ya sa, bayan shekara ashirin da aikin Strasbourg, ɗora siffa a kan gaɓa mai laushi bai fita daga hannun cibiyoyin bincike ya zama aikin yau da kullum ba. Masu ƙera kayan ma sun fi sakin jiki da nuna siffar a gefe, inda likita zai dube ta a matsayin shawara.

Inda abin ya fi kankama shi ne ƙashi, saboda ƙashi ba ya sauya siffa. A aikin ƙashin baya akan kafa alama a jikin ƙashin, kyamara ta riƙa bin ta, taswira ta zauna daidai. Ranar 8 ga Yunin 2020 Dokta Timothy Witham na Johns Hopkins ya ɗaura wa wani marar lafiya ƙusoshi shida a ƙashin baya yana sanye da tabarau na kamfanin Augmedics, wanda ke nuna masa ƙashin ta cikin fata. Babu mutum-mutumi a wannan aiki, amma akwai na'urorin ƙashin baya da ke riƙe wa likita bututun saita ƙusa a kan hanyar da aka tsara a hoto, kuma dabarun biyu na ta kusantar juna.

Koren rini

Akwai wani nau'in jagora da ya riga ya zama ruwan dare a ɗakunan tiyatar mutum-mutumi, kuma sirrinsa shi ne bai dogara da tsohon hoto ba. Ana yi wa marar lafiya allurar wani koren rini da likitoci ke kira ICG, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1959. Rinin na bin jini, hanta kuma ta tace shi ta zubar ta hanyar madaciya. Idan aka haska shi da wani haske da idon mutum ba ya gani, sai ya yi ƙyalli, kyamara ta kama ƙyallin ta nuna shi kore shar a kan allo. A na'urar da Vinci sunan wannan tsari Firefly, likita kuma na kunna shi yana kashewa daga inda yake zaune.

Da shi ake gane ko bakin hanjin da za a ɗinke yana samun jini, domin hanjin da bai samu jini ba ɗinkinsa kan ɓalle bayan kwanaki. Da shi ake ganin bututun madaciya kafin a yanke wanda bai kamata ba. A aikin ƙoda, bayan an danne reshen jijiya, ɓangaren da jini ya yanke masa zai yi duhu sauran ya yi kore, likita ya tabbatar reshen da ya danne shi ne daidai. Rauninsa shi ne hasken ba ya ratsa nama fiye da ’yan milimitoci, don haka ƙarin da ya nutse sosai ya fi ƙarfinsa. Wannan kuma sai a zura ƙaramin kan na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, hannun mutum-mutumi ya riƙe shi ya goga a bayan ƙodar, hoton ya fito a ƙaramar taga.

Abin da zane ke rufewa

Duk abin da aka zana a kan allo, ya rufe wani abu. Siffar da aka ɗora takan hau kan almakashi da hantsakin likita ta ɓoye su, wanda ba ƙaramin haɗari ba ne ga mai aiki kusa da babbar jijiya. A 2023 masu bincike na cibiyar horaswa ta Orsi a Beljiyam, ƙarƙashin Pieter De Backer, sun nuna a aikin ƙoda na gaske yadda ƙirƙirarriyar basira ke gane ƙarafan nan take ta bar su a saman zanen. Akwai kuma jinkiri: in siffar ta makara wajen bin motsin kyamara ko da da ɗan ƙyaftawar ido ne, sai ta riƙa shawagi a kan gaɓar tana ruɗa mai kallo.

Wata matsalar a cikin kan likitan take. A wani gwaji da Benjamin Dixon da abokan aikinsa suka wallafa daga Toronto ta Kanada a 2013, an sa likitoci su bi hanya da kyamara a cikin kan gawa, wasu da hoton jagora wasu babu. Masu jagora sun fi dacewa da inda aka ce su nufa, amma sun fi kasa lura da abubuwan da aka ajiye musu da gangan a kan hanya, ciki har da ƙusa da ke fili ƙarara. Hankali ya tafi ga zane, ido ya wuce abin da ke gabansa. Direban da ya taɓa kafa wa taswirar wayarsa ido har ya faɗa rami zai gane yadda hakan ke faruwa.

Shi kansa mutum-mutumin, ya kamata a auna shi da sikelin gaskiya. A gwajin da aka yi a Brisbane ta Ostireliya, wanda mujallar Lancet ta buga a 2016, an raba maza masu kansar furostet gida biyu, wasu aka tsaga su wasu aka yi musu da na'ura. Masu na'ura sun fi ƙarancin zubar jini, sun kuma riga barin asibiti, amma wajen riƙe fitsari da mazakuta sakamakon ya zo kusan ɗaya. Yawancin rahotannin hoton jagora kuwa daga cibiya guda suke fitowa, a kan marasa lafiya kaɗan, a hannun likitocin da dama gwanaye ne. Sun nuna abin na yiwuwa, amma manyan gwaje-gwajen da za su nuna ko yana ƙara tsawon rai su ne ake jira.

Mu da ke nan

Na'urar da Vinci guda kan kai dala miliyan biyu ko kusa da haka, ban da kuɗin kula da ita duk shekara, ga shi kuma kowane ƙarfen aiki yana da adadin amfanin da in ya cika na'urar za ta ƙi karɓarsa. Afirka ta Kudu ta fara aiki da ita a wani asibitin Pretoria a 2013. A 2023 cibiyar IRCAD ta buɗe reshenta na Afirka a Kigali ta Ruwanda don horar da likitocin nahiyar tiyata ta ƙananan huji. A Najeriya, a 2025 aka fara yi wa masu kansar furostet aiki da da Vinci a wani asibiti mai zaman kansa a Legas. Duk wannan na zuwa ne a duniyar da kwamitin mujallar Lancet kan tiyata ya ƙiyasta a 2015 cewa mutum biliyan biyar ba sa samun tiyata mai aminci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata. Ga mai cutar furostet a Kano ko Sakkwato, abin da ya fi yanke masa hukunci har yanzu shi ne ko an gano cutar kafin ta kai ƙashi, domin wadda ta bazu ta wuce aikin wuƙa kowace iri.

Duk da haka, ɓangare ɗaya na fasahar bai buƙatar mutum-mutumi ko kaɗan. Gina siffar gaɓa daga hoton CT aiki ne na kwamfuta, akwai ma manhajar da ake yin sa da ita kyauta, mai suna 3D Slicer. Likitan da zai tsaga ciki da hannunsa a asibitin koyarwa zai amfana da sanin jijiya nawa ke shiga ƙodar da zai taɓa, daidai da takwaransa na Turin.

Ga ’yan kasuwa da ma'aikatan da kan tara kuɗi ko su sayar da kadara su tafi Indiya ko Masar neman magani, kalmomin mutum-mutumi da hoton jagora na yawan fitowa a takardun talla, kuma suna ƙara farashi. Tambayar da ta fi amfani ita ce sau nawa likitan da kansa ya yi irin wannan aiki da na'urar, da yadda marasa lafiyarsa suka kasance bayan shekara guda. Yana da kyau kuma a tambaya ko siffar za a nazarta ne kafin aiki ko za a ɗora ta a kan gaɓa, in kuwa na biyun ne, ko cikin wani bincike ake yi wanda sai an nemi amincewar mutum a rubuce. Wanda aka yi wa CT ko MRI a gida kafin tafiya ya nemi a ba shi faifan da ke ɗauke da cikakken hoton, domin ba a gina siffa daga fim ɗin da aka wanke ko hoton da aka ɗauka da waya. In an samu watanni tsakanin ɗaukar hoton da ranar tiyata, ya sa a lissafinsa cewa asibitin da ya je zai buƙaci a sake ɗaukar wani.